Kilim mai taya a ɗakin jirgin ruwa: za ta yi sanyi kuwa a bazarar Yamai?

"Assalamu alaikum. Ina da jirgin ruwa na katako mai inji, ina ɗaukar baƙi yawon shan iska daga gindin gadar Kennedy zuwa Bubon mu dawo, wani lokaci har mu kwana a kan ruwa. Na gina ɗan ɗaki a tsakiyar jirgin, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, rufin kwano. Daga watan Maris ba mai iya zama ciki, sai ka ce tanda. An nuna mini kilim mai taya, irin wadda ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki, mai BTU 9000. Ina da batir biyu na 200 da pano biyu na hasken rana masu wat 300. In saya? Ko akwai abin da ya fi ta?" Daga wani mai jirgi a Gamkalle.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare hanya. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma uku ce a aiki: zafin nan daga ina yake shiga ɗakin, in na'ura ta kwashe shi ina za ta zubar da shi, kuma wutar da za ta ci daga ina za ta fito. Na shekara ashirin da ɗoriya ina gyaran firiji da kilim a garin nan, jiragen da na hau da akwatin aikina kuwa ba su da yawa, amma duk wanda na hau matsalarsa a cikin ukun nan take. A gajarce, kar ka sayi mai tayar nan tukuna. Bari in faɗa maka dalili, in ka ji sai ka yanke.

Rufin ne farkon matsala

Mutane suna ɗauka kilim sanyi take haifarwa. Ba haka ba ne. Lebura ce kawai, tana ɗibar zafi daga wuri tana kai shi wani wuri, kuma akwai iyakar abin da take iya ɗauka a awa guda. Wannan BTU 9000 da aka rubuta a jikinta, wadda a kasuwa muke ce wa mai doki ɗaya, yana nufin tana iya kwashe zafi kamar na wat 2600. To mu auna abin da ke shiga ɗakinka. Da tsakar rana a watan Afrilu, kowace murabba'in mita da rana ta daka tana karɓar kusan wat 1000. Rufinka mita 6 ne murabba'i, ka ga wat 6000 ke sauka kansa. Ba duka ke ratsawa ba, wani yana komawa sama, wani iska ta tafi da shi, amma kwano tsirara wanda ya yi tsatsa ko aka shafa masa fenti mai duhu yana shanye mafi yawa ya riƙa hura shi a kan mutane. Ko kashi ɗaya cikin biyar ya sauko, wat 1200 ke nan. Kowane mutum a zaune yana fitar da kamar wat 100, baƙi shida wat 600. Ga bango da rana ke duka ta gefe, ga hasken da ruwa ke maidowa ta taga, ga ƙofa da ake buɗewa duk bayan minti biyu don wani ya ce ya hango dorina. Kafin na'ura ta saukar da zafin ɗakin da digiri ɗaya, ta riga ta ƙare ƙarfinta wajen kokawa da abin da ke shigowa.

Saboda haka kuɗin farko ba na na'ura ba ne. Ka wanke kwanon ka shafa masa farin fenti. Sannan ka yi masa rumfa a sama, ta zana ko asabari ko farin tanti, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninta da kwanon don iska ta riƙa ratsawa, ka sa ta zarce bango kaɗan ta inuwantar da tagogi. Daga ciki ka manna farin soso mai tauri, irin wanda ake naɗo sabon firiji da shi, mai kaurin santimita 4 ko 5, ka rufe shi da falanki siriri. Duk kayan nan ana samunsu a kasuwar Katako. Masu kwale-kwalen da ke lanƙwasa tabarma a kan jirginsu tun kaka da kakanni sun san abin da suke yi: tabarma ba ta riƙe zafi kamar ƙarfe, kuma iska na bi ta cikinta. Na ga ɗakin jirgi da wannan aikin kaɗai ya mai da shi wurin da ake iya zama da fanka, alhali mai shi ya zo mini ne da niyyar sayen kilim mai doki biyu.

Aibin mai taya

Yanzu ga ita kanta na'urar da aka nuna maka. Ka duba bayanta, za ka ga ƙaton tiyo guda ɗaya mai kama da hanjin rago. Ta nan take fitar da zafi. Amma iskar da take hurawa waje ta tiyon, daga cikin ɗakin take ɗibarta, wato iskar da ta gama wahalar sanyayawa. Ɗaki kuwa ba ya zama babu iska, duk abin da ya fita sai wani ya maye gurbinsa, sai iskar waje mai digiri 43 ta riƙa kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa da tsakanin katako da duk wata kafa. A gidan siminti mai kauri a ƙasar da zafi bai wuce digiri 30 ba, asarar ba ta da yawa. A ɗakin katako a kan kogin Isa cikin watan Mayu, ɗibar ruwa da kwando ne. Shi kansa tiyon yana yin zafi ya zama kamar murhu a cikin ɗakin, in an bar shi dogo ko ya lanƙwashe.

Akwai kuma abin da mai shago ba zai buɗe maka takarda ya nuna ba. Yawancin masu tayar nan an rubuta a littafinsu cewa suna aiki ne in zafin ɗaki bai wuce digiri 32 ko 35 ba. An ƙera su don bazarar Turai. In ka kunna ta a ɗakin da ya riga ya kai 45, kwampireso, wato injin da ke matse gas ɗinta, zai yi ta nishi, ya yi zafi, ya yanke kansa, fanka kawai ta ci gaba da juyawa kai kana tsammanin tana aiki. Ga manyan kilim akwai alamar da ake dubawa a farantin bayani: T1 na ƙasashe masu matsakaicin zafi ne, iyakarsa digiri 43, T3 kuwa na irin ƙasarmu ne, yana jure har 52. A masu taya da wuya ka ga T3.

Shekarun baya an kira ni wani jirgi a gefen Harobanda, mai shi yana rantsuwa an sayar masa da na'ura marar gas. Na auna, gas ɗinta cif. Tiyon ne aka zura ta ƙofa aka saki labule a kai, zafin da take fitarwa yana zagayowa ya dawo ciki. Muka huda bango daidai faɗin tiyon, muka gajarta shi, muka naɗe shi da tsohon bargo, muka toshe kafofi da roba. Ta ɗan yi sanyi, ba laifi, amma da dare ne kawai ta biya kuɗinta. In ka nace sai mai taya, to ka nemi mai tiyo biyu, ɗaya na jawo iska daga waje ɗaya na fitarwa, ita ba ta satar iskar ɗaki. Ka ɗaure ta da bel a jikin bango, don abu mai nauyin kilo 25 ko 30 a kan taya cikin jirgin da ke tangaɗi ba abin wasa ba ne, ka kuma sa mata siririn tiyo na zubar da ruwan da take tarawa. Kar a kwantar da ita wajen ɗauka. In an kwantar, a bar ta tsaye wasu awoyi kafin a kunna, man kwampireso ya koma mazauninsa.

Lissafin wuta

Nan ne yawanci hira ke ƙarewa. Mai BTU 9000 tana cin kusan wat 1000 in kwampireso na tafiya. Batir ɗinka na bolt 12 mai amfiya-awa 200, kowane yana ɗauke da wat-awa 2400 a rubuce, biyu 4800. In irin na dalma ne, mai ruwa ko na jel, rabi kawai ya kamata ka ci in kana son su yi shekaru, saura 2400. Na'urar da ke juya wutar batir ta koma 220 ita ma tana cin nata kaso, kamar goma ko sha biyar cikin ɗari. Abin da ya rage zai ba ka awa biyu, in an yi sa'a, don batir na dalma in aka zuƙe shi da ƙarfi ba ya ba da duk abin da aka rubuta. Pano biyu na 300 kuwa, 600 ne a takarda, amma pano in ya yi zafi ƙarfinsa na raguwa, ga ƙura, da tsakar rana in ka samu 450 ka gode Allah. Ka ga ko rana na tsaka ba su kai rabin abincinta ba.

Ka ƙara da wannan: kwampireso na gargajiya lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na ɗan daƙiƙa, ƙaramar na'urar juya wuta sai ta yi ƙara ta mutu. Kuma wat 1000 daga bolt 12, in aka haɗa da kason na'urar juya wuta, ya haura amfiya 90, wayar da za ta ɗauki wannan kaurin ɗan yatsa gare ta. Siririyar waya a jirgin katako mai ɗauke da jarkokin esans, ba sai na faɗa maka ƙarshenta ba. In za ka ja wuta mai yawa, ka haɗa batir ɗin su ba da bolt 24, amfiyar ta ragu rabi, ka sa fis kusa da kan batir. Batir na litiyom, irin LiFePO4, yana ba da kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa kuma nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, sai dai tsada, kuma shi ma ba ya son a bar shi a rana.

Saura gurup, wato janareto. Kar ka yi ƙasa da kVA 2, in 3 ne ya fi kwanciyar hankali. Amma a nan zan ɗaga murya, Alhaji, don wannan maganar rai ce. Hayaƙin gurup yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ka tuna na ce mai tiyo ɗaya tana zuƙo iskar waje ta kowace kafa? To in gurup yana bayan ɗakin, hayaƙinsa take zuƙowa kan mutanen da suka rufe ƙofa suka yi barci. Na san mai gadin jirgi da ya tashi da ciwon kai da amai, bai iya tsayawa da ƙafarsa ba, Allah ne ya sa abokinsa ya leƙo da asuba. Gurup ya zauna can ƙurya a fili, bakin hayaƙi na kallon ruwa, ta inda iska ke tafiya ba ta inda take zuwa ba, kuma a rataye ƙaramar na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar a cikin ɗakin kwana. Wutar 220 a kan ruwa kuma dole ta bi ta makashin nan mai yankewa in wuta ta zurare, na miliamfiya 30. Wutar da ta zurara cikin ruwan kogi tana sandarar da mai iyo a gefen jirgi, kuma ka san yaranmu da wanka a bakin gaɓa.

Abin da zan saya in jirgina ne

Fanka mai ruwa, wadda muke kira umidifikatar. Na san za ka ce ai wannan ta masu shago ce. To ka saurara. Aikinta irin na randa ne, ko salkar da direbobin manyan motoci ke ratayewa a gefen mota: ruwa in yana bushewa yana tafiya da zafi. Lita ɗaya in ta bushe tana kwashe zafi kusan wat-awa 680. Sharaɗin kawai iska ta kasance busasshiya, kuma watannin da kake kuka da su, Maris da Afrilu, suna cikin lokacin da iskar Yamai take a bushe. In waje na digiri 42, danshin iska kashi 15 cikin ɗari, mai kyau tana iya huro iska mai digiri 27 ko 28. A kan kogi danshi ya ɗan fi na cikin gari, saboda haka ka rage buri kaɗan, amma bambancin da jiki zai ji babba ne. Cinta kuwa wat 100 ne ko kusa da haka. Panonka kaɗai za su riƙe ta da rana har su cika batir, batir ɗin kuma su kai ta asuba ba tare da ka tayar da gurup ba. Baƙon da ya biya kuɗi don ya ji kukan tsuntsaye ba ya son ƙarar inji a kunnensa.

Inda mutane ke kuskure da ita, suna rufe ɗaki kamar kilim. Akasin haka take so. Bayanta ya kasance a bakin taga tana shaƙar iskar waje, a buɗe wata taga a ɗaya gefen iskar ta fita. In ka rufe, cikin rabin awa ɗakin ya cika da danshi, zufa ta daina bushewa, ka fi da shan wahala. Tagogin a sa musu raga saboda sauro, don kwana a kan ruwa da taga buɗe gayyatar zazzaɓi ne. Ruwan kogi ana iya amfani da shi, amma a bar shi ya kwanta a tace, in ba haka ba laka ta toshe ƙaramin famfon da saƙar da ruwa ke bi. A zubar da ragowar ruwa kullum, a bar saƙar ta bushe, don ruwan da ya kwana biyu a tanki cikin zafi yana wari yana kuma tara ƙwayoyin cuta.

Iyakarta damina. Daga lokacin da iskar kudu ta fara kawo danshi, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ƙarfinta na raguwa, a Agusta kuwa in waje na 33 danshi na kashi 70, da ƙyar ta rage digiri uku ko huɗu. Sai dai a lokacin zafin ma ya sauka, fanka zalla a ƙarƙashin rufi mai kyau tana isa mafi yawan kwanaki. Mawuyacin lokaci shi ne ƴan makonnin nan na gab da saukar ruwa, da kuma Oktoba, zafi da danshi a haɗe.

In baƙinka irin waɗanda dole sai sanyin kilim ne, to tsohuwar kilim ta taga, wadda ake huda bango a zura, ta fi mai taya nesa ba kusa ba. Rabinta mai zafi yana waje ɗungurungum, ba tiyo, ba ta satar iskar ɗaki, ba ta cin wurin zama, kuma kowane mai gyara a garin nan ya san cikinta. A kafa ta a bangon da ba ya kallon gurup, a ɗan karkata ta waje don ruwanta ya zuba can, a yi mata inuwa ba tare da an toshe mata numfashi ba. Mai raba biyu, wadda ake kira siflit, in mai inbata ce, wato wadda kwampiresonta ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata, kuma T3, ta fi kowa tattalin wuta, ba ta fizga wajen tashi, amma jijjigar inji tana sassauta mahaɗin bututun jan ƙarfe gas ya tsere, sai an kafa ta a kan roba an riƙa dubawa.

Sauran da za ka gani a intanet ba sai mun daɗe a kansu ba. Ƙananan masu batir irin EcoFlow Wave 2, mai BTU 5100, da Zero Breeze Mark 2, mai 2300, na tanti ne ko gadon mutum ɗaya da dare. Ba za su yi komai da mutum shida da rana ba. Akwatin ƙanƙara mai fanka kuwa, kilo ɗaya na ƙanƙara in ya narke wat-awa 93 kawai yake kwashewa, kana buƙatar kusan kilo 28 kowace awa kafin ka kamo mai doki ɗaya. Ƙanƙarar ta fi amfani cikin ruwan shan baƙi. Akwai kuma kilim ta jirgin ruwa ta ainihi, irin ta Dometic ko Webasto, wadda ke jawo ruwa daga ƙarƙashin jirgi ta zubar da zafinta a ciki. Dabarar tana da kyau ƙwarai, don ruwan kogi ya fi iskar bazara sanyi sosai. Amma kogin namu a Agusta da Satumba jan ruwa ne mai laka, a Mayu da Yuni ya janye har jirgi na shafar yashi, ga kainuwa ga leda, matatarta za ta riƙa toshewa, kayan gyaranta kuma sai an yi odarsu daga waje. Ga jirgi irin naka ban ga ribarta ba.

Abu ɗaya game da gas: sababbin masu taya da yawa R290 ne a cikinsu, ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, in ya tsere ƙasan jirgi yake gangarawa ya kwanta. Kaɗan ne a ciki, amma kar a ajiye ta kusa da batir ko inda ake hura gawayin shayi, kar kuma a bar wanda bai san shi ba ya kai mata wutar walda.

Ni mai gyaran sanyi ne, ba maƙerin jirgi ba, kuma ban taka jirginka ba. Rumfa da pano a sama suna ƙara nauyi a bisa, suna kuma kama iska, kai ka fi ni sanin yadda guguwar farkon damina ke tasowa a kan kogi ba sallama. Kafin ka ɗora komai, ka kira wanda ya ƙera jirgin ya faɗa maka abin da zai iya ɗauka, rumfar kuma a yi ta yadda za a iya naɗe ta cikin minti biyu. Batir biyun nan, kowane ya haura kilo 50, su zauna ƙasa a tsakiya, a wurin da iska ke shiga.

Ka sayi ɗan ma'aunin zafi mai nuna danshi, ka rataye shi a tsakiyar ɗakin daidai kan mutum a zaune. Ka rubuta abin da ya nuna da ƙarfe biyu na rana kwana uku a jere, da na waje a inuwa. Ka yi aikin rufin, ka sake aunawa kwana uku. In na ciki ya sauko ya yi kusa da na waje, ari fanka mai ruwa wurin wani ka gwada ta tafiya ɗaya zuwa Bubon ranar Laraba ta kasuwa, jirgi cike da mutane. Ka aiko mini da lambobin, da yawan waɗanda ke kwana a ciki, sai mu ga ko akwai sauran buƙatar huda bango.